Tsagar Ƙaho a Bayan Alƙasim

A tashar Madawa, Alƙasim yana kallo motar garinsu Garhanga ta tashi, kunya ta hana shi shiga. Wata tsohuwa mai jiran ta gaba ta dube shi.

"Ɗana, daga ina?"

"Koro ni anka yi daga Kurmi, Inna. 'Yan sanda sunka ga tsagar ƙaho a bayana, sunka ce alamar 'yan hwashi ce. Ko alƙali ba su kai ni ba. Wa zai yarda da ni gida?"

Ta zame mayahinta, ta nuna mishi ƙeya, tsaga jere.

"Ashe ni ce uwar 'yan hwashin ban sani ba! Tare za mu tahi. Duk wanda ya zarge ka, ya hwara tuɓe rigarshi mu gani."