Harajin gidana ya zama ragon layya

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni direba ne a Badi'a, nan Riyadh, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Ina da gida a Kano, da gumina na gina shi. Na zaunar da yayana a ciki kyauta. Duk shekara ina aika masa kuɗin harajin gidan ya kai ofishin filaye, ban taɓa fashi ba. Wa ke tambayar yayansa rasit?

Bana maigidana ya sallame ni, takardar zamana ta kusa mutuwa, sai na sa gidan a kasuwa. Mai saye ya je bincike, aka ce ba za a canja suna ba sai an biya harajin da ya taru. Nan take ya janye.

Na kira Yaya, ko kunya babu ya ce, "Ai ragon layya nake saye da su, har da sunanka nake yankawa. Ladan naka ne." Hajiyarmu kuma wai in yi haƙuri, babba ne.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In 'yan sanda suka tare ni a unguwar Dira suna neman takardar zama, ladan zan nuna musu?