Fiƙar Karen Maharbi

Wa ya san inda darajar haƙori take, a bakin da ya fito ko a abin da ya ciza?

A kasuwar Matameye wani maharbi ya miƙa wa Aƙilu baduku haƙori ya ɗinke masa a fata kamar laya.

"Na mene ne, baƙo?"

"Fiƙar karena ce."

"Kare da fiƙa? Zaki da kura kakanninmu suka ba sunan. Ba zai taɓa fatata ba."

"Baba, haƙorin nan a maƙogwaron kura ya karye, ranar da ta suri 'yata a gona. Yarinyar tana raye, karen ya mutu. Kai me za ka kira shi?"

Aƙilu ya daɗe yana kallon karayar. Sannan ya jawo jar fata, ya ɗauki basilla.

"Wuyanka ko nata?"