Shinkafar Maman Rahila

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni Alhaji Bello ne, mai sayar da gero daga Ƙofar Marke.

Kwanakin baya ɗana Nasiru, yana gudun ganganci a kan babur, ya kaɗe wata yarinya mai suna Rahila a Sabon Gari, ya tsere. Ta rayu, amma da sanda take tafiya yanzu. Da aka kama shi, na tafi wurin 'yan sanda ina shirin cewa yarinyar ce ta faɗo titi.

Ban buɗe baki ba uwarta, Kirista ce mai ɗinki, ta ce a sake shi, ta yafe.

Na bi ta waje na ce, "Maman Rahila, don mi?"

Ta ce, "Alhaji, raina ya ɓaci, har yanzu ina kuka. Amma mu mun gaskata Yesu ya ɗauki zunubinmu a kan gicciye, aka yafe mini abin da ba zan iya fansa ba. Da wane ido zan riƙe ɗanka?"

Addinina daban da nata, amma na kasa ɗaga kai.

Ranar Kirsimeti ta aiko mana kwanon shinkafa da kaza. Nasiru ya kasa ci, ya shige ɗaki yana kuka. Kwanon yana nan a gidana, na wanke shi, na rasa ƙafar da zan mayar mata da shi.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: me mutum ke zubawa a cikin irin wannan kwano?