Atamfa Mai Sawun Tsutsa

Zamanin mulkin Faransa, ranar kasuwar Maraɗi, wata dattijuwa 'yar Tsibiri ta tsaya rumfar wani mai tufafi da ya zo daga Katsina. Atamfa take nema ta zuwa sunan jikarta.

"Ɗana, wagga mai layi a murɗe-murɗe fa?"

"Inna, kin iya zaɓe! Daga kantin Ingilishi ta fito. Adon nan, su Turawan bamikulet suke ce mishi."

"Bami mi?"

"Bamikulet. Akawun kantin ya ce daga bakin tsoffin Rumawa suka aro kalmar. A can bamis tsutsa ce. Wato ado mai kama da sawun 'yar tsutsa."

Ta saki atamfar kamar ta taɓa wuta. "Tsutsa zan ɗaura in shiga taron suna?"

"Kash! Bakina dai. Duk wadda na fassara wa sai ta wuce."

Ta sake jawo ta, ta ƙura mata ido, sai ta fashe da dariya.

"Wallahi haka ƙyauren ɗakina yake! Tun damina nake yi wa Malam tsiya ya sake mini shi, tsutsa ta cinye. Ashe ƙyauren Turawa gare ni ban sani ba."

"To a naɗe, Inna?"

"Naɗe. Maimaita mini sunan, in riƙe shi har Tsibiri."

"Bamikulet."

"Madalla. Sunan zan tafi da shi. Fassarar kuwa ka bar ta nan rumfarka, kuma in matan garinmu sun zo, kai ba ka jin Turanci."