Ruwa Mai Zafi: Jawabin Tunawa da Malam Kar-ka-motsa

Shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, malamai, dattawan unguwa, Hajiya uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, jama'a, assalamu alaikum.

Shekara talatin da ɗaya muna ɗakin duhu guda na wankin hoto da mutumin nan, muna faɗa kamar kaji. Ya kasance mai taurin kai. Ya kasance mutumin da zai daka wa ango tsawa, "Kar ka motsa!", har sunan ya bi shi. Ya kasance bai yarda da hoto mai launi ba, sai baƙi da fari.

Kwalabe biyu yake ajiyewa na ruwan wankin fim. Ɗaya mai sanyi, na amare, yana fito da fata sumul amma yana haɗiye duk abin da ke inuwa. Ɗaya mai zafi, yana sa hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa, amma ko ɓera ya ɓuya a lungu sai ya tono shi. Fim kuma sau ɗaya ake wanke shi. In ka zaɓa, ka zaɓa.

Kun san ranar da aka turo 'yan sara su tashi 'yan tebur daga tasha. An ƙona tayoyi, an sassari mutane da adda a ƙarƙashin rumfa. Mai gyaran takalmi, an raba masa kai a kan bencinsa. Mutum bakwai muka binne. Kowa na gudu, shi kuwa Yaya ya tsaya bayan wata mota yana ɗaukar hoto har ya ƙarar da fim ɗinsa.

Ya shigo shago riga duk jinin wani. Ya ce, "Hayaƙi da inuwa sun cinye hasken. Wanne zan zuba?"

Na ce, "Mai sanyi, Yaya."

Ya ce, "Mai sanyi zai fito da gawa, ya bar masu addar a duhu."

Na ce, "To ai shi ya sa. Kana da iyali."

Ya dube ni, ya ce, "Waɗanda aka kashe ma suna da shi." Ya ɗauko mai zafi.

Fuska huɗu suka fito, har da tabon goshin ɗayansu. Ya kai wa hukuma da hannunsa. Saura kwana tara ya ba da shaida a kotu, 'yan saran suka same shi da rana tsaka yana buɗe shago. Suka fara da yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, da guduma. Sauran, Hajiya, ba zan faɗa a gabanki ba. Allah ya isa!

Yanzu lauyansu na cewa hoton haɗi ne, tunda wanda ya wanke ba ya duniya. Kwana arba'in bakina a rufe, tsoro ya hana ni. Hajiya, ki yafe mini. Yara, ku yafe wa baffanku. Mu biyu ne a ɗakin duhun ranar da aka wanke fim ɗin. Ni na riƙe agogo, ni na ƙirga minti goma sha huɗun da fim ɗin ya yi a ruwa. In akwai ɗan aikensu a taron nan, ya koma ya faɗa musu: ranar Litinin ina gaban alƙali.

Mun gode da kuka zo. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan bakwai ɗin nan. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya kai ni Litinin. Amin.