Yayan Malam

A bencin jiran likita a Birnin Kudu, wata dattijuwa na zaune kusa da wani malami da ya ja hularsa har gira. Ina gefensu. Malamin ya dube ta.

"Inna, daga ina?"

"Zandam. Ɗana na kawo, ya faɗo daga kan ɗorawa bara."

"Ni yayana ne. Babur ya kayar da shi a hanyar Maruta. Ko ɗigon jini babu, ya tashi ya ja mana Magariba."

"Yanzu fa?"

"Sai ya karanta Fatiha sau biyu a raka'a ɗaya. Ga saurin fushi. An yi ruƙiyya, an sha rubutu."

"Ba aljanu ba ne, Malam, ƙwaƙwalwa ce ta bugu. Likita ya ce min takan ji rauni ko fata ba ta tsage ba."

"In jama'a suka ji, za su karɓe limancin daga hannunsa."

"Ina yayan naka?"

"Yana waje."

Malamin ya gyara hularsa. Can ya juyo.

"Inna, daga ina?"

Ta daɗe tana kallonsa.

"Zandam, Malam. In an kira mu, kai za ka fara shiga."