Jirage Biyu a Kan Suk al-Arabi

A tashar motar kasuwar Suk al-Arabi, wata dattijuwa mai suna Rahmatu tana zaune a benci tana jiran motar unguwar Alsawra, sai jiragen yaƙi biyu masu saukar ungulu suka ratsa sama. Ta ɗaga kai tana bin su da kallo. Wani magidanci da ke gefenta kuwa ya sunkuya, ya toshe kunnuwansa, ya ce a hankali da Hausa, "Allah ka tsare."

"Ashe kai namu ne," in ji ta. "Kada ka ji tsoro, ɗana. Sababbi ne aka sayo, su ke tsaron ƙasa."

"Malesh, yi haƙuri, Hajja. Mu inda na fito ba tsaro suka kawo mana ba."

"Ai ba a tura su sai inda 'yan tawaye suke. Ɗana Mainasara makanikensu ne, a cikinsu yake tafiya. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa."

"Mu ma ko bindigar harbin zabi ba mu da ita. Ranar kasuwa suka zo. 'Yata Asma'u ta je sayo gishiri, ba ta dawo ba."

Rahmatu ta gyara lulluɓinta.

"Allah ya jiƙanta. A yammacin ƙasar ne?"

"A yamma, daminar bara waccan."

"A waccan daminar ce jirginsu Mainasara ya faɗi, can yamma. Ko gawa ba a kawo mini ba. Shi ya sa in sun wuce nake kallo."

"Allah ya gafarta masa, Hajja. Garin namu kuwa sunansa..."

"Kada ka faɗa mini, ɗana."

Ya dube ta, ya haɗiye sunan.